SANIN HALIN ABOKIN AIKI: AMFANINSA DA IYAKARSA

 Maganata ta fi shafar ɗalibanmu masu fita a bana, gama ba da jimawa ba za su iske kansu a jami'a, ko ofis, ko asibiti, suna aiki tare da mutanen da ba su ne suka zaɓa ba. Amma 'yan'uwana malamai, da dattawan ikkilisiya, da shugabannin zumuntar mata da na matasa, su ma kada su wuce wannan shafi, domin duk wanda ya taɓa shugabantar kwamiti ya san cewa sau da yawa ba rashin kuɗi ke kashe aiki ba. Mutum biyu ne suka kasa jituwa, sai aikin ya kwanta.

A 'yan shekarun nan an cika maganar rabe-raben hali. A taron bita ana raba takardun tambayoyi, a waya ma akwai su kyauta. Mutum ya amsa tambayoyi na minti goma, sai a ce masa ga irin mutumin da yake, ga aikin da ya dace da shi, har ga wanda ya kamata ya aura. Waɗansu sun rungumi abin kamar ba a taɓa yin ilimi sai shi, waɗansu kuwa sun ce duba ne kawai aka sa wa kwat da taye. Ni dai ina tsakiya, kuma zan faɗi dalilina.

Abin ba sabo ba ne. Likitocin Girka na dā, tun daga Hifokiratis, sun ɗauka cewa akwai ruwaye huɗu a jikin mutum, wato jini, da majina, da ruwan maɗaciya rawaya, da kuma baƙi. A ƙarni na 2 bayan haihuwar Almasihu wani likita mai suna Galen ya danganta waɗannan ruwaye da halin mutum. Daga nan ne aka sami sunayen nan huɗu da yawancinmu muka sani: Sanguwin mai fara'a da yawan magana, Kolerik mai zafin nama da son ba da umarni, Melankoli mai zurfin tunani da yawan damuwa, da Filegmatik mai sanyin hali wanda ba ya gaggawa. Likitoci sun daɗe da yar da maganar ruwayen nan, amma sunayen sun ƙi mutuwa. Wani fasto na Amurka, Tim LaHaye, ya farfaɗo da su cikin littafin da ya buga a 1966, kuma ta hannunsa ne suka shiga ikkilisiyoyi da yawa. A wani littafinsa na baya har ya sa Bitrus cikin Sanguwin, Bulus cikin Kolerik, Musa cikin Melankoli, Ibrahim kuwa cikin Filegmatik. Da daɗin karantawa kam, amma mu tuna cewa rabon nan na likitocin Girka ne, ba koyarwar Littafi Mai Tsarki ba ce.

Wanda ya fi yaɗuwa a ofisoshin duniya kuwa shi ne awon Myers-Briggs. Asalinsa daga littafin da Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, ya buga a 1921, inda ya yi bayanin mutumin da hankalinsa ke fuskantar waje wajen jama'a, da wanda hankalinsa ke komawa ciki. Wata mata a Amurka, Katharine Cook Briggs, da 'yarta Isabel Briggs Myers, su ne suka mai da tunanin Jung ya zama takardar tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Niyyarsu mai kyau ce: mata da yawa sun shiga masana'antu domin maza sun tafi yaƙi, suna so kowace ta sami aikin da ya dace da ita. An buga littafin jagoran awon a 1962. Yana duban abu huɗu, kowanne da gefe biyu, saboda haka ana samun iri 16, kowane iri da baƙaƙe huɗu.

To, ga matsayina. Sanin rabe-raben hali yana da amfani ƙwarai idan shugaba ya yi aiki da shi wajen raba aiki da wajen gyara yadda shi kansa yake tafiyar da mutane. Yana da lahani ƙwarai idan aka mai da shi hukunci, aka liƙa wa mutum suna a goshi, aka ce iyakarsa ke nan.

Bari in daɗe kaɗan a kan wani bincike da nake ganin ya fi sauran amfani gare mu. A ƙarshen shekarun 1960 wani masani Bature, Meredith Belbin, ya fara nazari a kwalejin horar da manajoji da ke Henley a Ingila. Manajojin da suka zo kwas akan raba su ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiya ta zama kamar kamfani, su yi gasar kasuwanci ta wasa, a ga wadda za ta fi cin riba. Belbin da abokan aikinsa sukan auna basira da halin kowa tun kafin a fara, sa'an nan su zauna suna rubuta abin da kowa ke yi a wurin taro. Kusan shekara tara suka yi suna wannan aiki. Ana nan sai suka ce bari su tara waɗanda suka fi kowa cin awon basira a ƙungiya ɗaya, suka sa mata suna Afolo. Kowa ya zaci gasar ta ƙare tun ba a fara ba. Ashe ba haka ba ne. Cikin ƙungiyoyi 25 da aka haɗa a kan wannan tsari, 3 kaɗai suka zo na ɗaya, sauran kuwa yawanci suna tsakiya ko can baya.

Me ya faru? Masu kallo sun ga cewa haziƙan nan sun ɓata lokacinsu a kan gardama. Kowa gwani ne wajen gano ramin da ke cikin shawarar ɗan'uwansa, kowa yana so tasa ta ci, ba mai yarda ya ɗauki ƙaramin aiki. Sa'ad da lokaci ya ƙure sai a yanke shawara a gurguje, wani lokaci ma shawarar yau ta rushe ta jiya. Ƙungiyoyin da suka riƙa yin nasara kuwa gauraye ne. Akwai shugaba mai haƙuri wanda ba lalle ne ya fi kowa basira ba amma ya iya sauraro, akwai mutum guda mai kawo sababbin dabaru, akwai mai auna dabarun da sanyin rai, akwai mai fita waje ya nemo labari da taimako, akwai mai mai da magana ta zama aiki, akwai mai ingiza mutane, akwai mai sulhu, akwai kuma mai bin ƙananan abubuwa har a gama. Belbin ya buga sakamakon a littafinsa na 1981 da waɗannan matsayi takwas, daga baya ya ƙara na tara, wato gwanin fanni guda.

Manomi da ya taɓa kiran gayya ba zai yi mamakin wannan ba. Idan duk waɗanda suka zo makaɗa ne, gonar za ta sha kiɗa amma ciyawa tana nan.

Mu kawo abin kusa. A ce an naɗa kwamitin shirya ranar ba da kyaututtuka. Al'adarmu ita ce a zaɓi waɗanda suka fi iya magana a taron malamai, domin su ake gani. Sai a sami mutum biyar masu dabaru, kowa da tsarin da yake so, a yi zama huɗu ana muhawara a kan wane babban baƙo za a gayyata. Ranar biki ta zo, sai a tarar ba wanda ya duba ko an rubuta sunayen yara daidai a kan takardun yabo, ba wanda ya tuna da man janareta. Alhali kuwa a ɗakin malamai akwai wata malama wadda ba ta cika magana ba, wadda ba a taɓa samun kuskure a makin da ta tattara ba, wadda ake yi wa tsegumi cewa ta cika ƙaƙale. Wannan ƙaƙalen nata shi ne abin da kwamitin ya rasa. Shugaban da ya san halin mutanensa, kafin ya rubuta sunaye, zai tambayi kansa: wa zai kawo dabara, wa zai ce mana dabarar ba za ta yiwu ba, wa zai bi aikin har ƙarshe, wa zai shiga tsakani in rai ya ɓaci? Ba lalle ne a sami mutum tara ba. Belbin da kansa ya ce yawancin mutane suna iya riƙe matsayi biyu ko uku.

Akwai wata magana tasa da na fi so. Ya ce kowane ƙarfi yana tafe da raunin da ya kamata a haƙura da shi. Mai kawo dabaru yakan manta da ƙananan abubuwa. Mai bin diddigi yakan cika damuwa, ba ya son sakar wa wani aiki. Mai ingiza mutane yakan taka ƙafar wani bai sani ba. In kana son zuma sai ka haƙura da harbi. Shugaban da ya nace sai ya gyara kowa ya zama cikakke zai ƙare da ma'aikata masu tsoro waɗanda ba sa kawo komai. Amma a lura da kyau, rauni aka ce, ba a ce mugunta ba, kuma zan komo kan wannan.

Amfani na biyu ya shafi shugaban ne kansa. Mun saba ɗauka cewa shugaba na ƙwarai shi ne mai murya, mai cika wuri, wanda in ya shigo kowa ya san ya shigo. A 2011 waɗansu masana uku a Amurka, Adam Grant da Francesca Gino da David Hofmann, suka buga binciken da suka yi a kan shagunan wani kamfanin sayar da fiza, wani abincin Turawa mai kama da gurasa. Sun gano cewa inda ma'aikata masu jiran umarni ne, shagon da ke da manaja mai son jama'a da yawan magana ya fi cin riba da kashi 16 cikin ɗari. Amma inda ma'aikata masu kawo shawara ne da kansu, irin wannan manaja ribarsa ta yi ƙasa da kashi 14 cikin ɗari. Dalilin da suka bayar shi ne, mai yawan magana yakan ji kamar ana ƙalubalantarsa in ƙananansa suka kawo shawara, mai shiru kuwa yakan saurara ya bar su su gwada. Wato babu hali guda da ya dace da shugabanci a ko'ina. Sai an dubi waɗanda ake shugabanta.

Wannan ya kamata ya canja yadda muke zaɓen shugabannin ɗalibai, ya kuma canja yadda muke yin taro. Akwai mutanen da sai suna magana tunaninsu ke fitowa, akwai kuma waɗanda sai sun kwana da magana kafin su san ra'ayinsu. Idan shugaba ya kawo batu a tsakiyar taro ya ce a yanke shawara nan take, ya ba kashi na farko dukan filin ke nan. Kashi na biyu za su yi shiru, a rubuta cewa kowa ya amince, bayan kwana biyu a ji gunaguni a ƙarƙashin bishiya. Maganin ba shi da tsada. A raba batutuwan taro kwana ɗaya ko biyu kafin a zauna. A yarda mutum ya kawo ra'ayinsa a rubuce. Shugaba ya riƙe nasa ra'ayi sai ƙarshe, gama da zarar ya faɗa, rabin ɗakin sun gama tunani. Haka ma wajen yi wa mutum gyara: wani in ka faɗa masa kai tsaye ya gode maka, wani kuwa in ka yi masa haka a gaban mutane ka rasa shi har ƙarshen zango.

Yanzu ga inda nake jan birki.

A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 awon hali. Bayan mako guda ya miƙa wa kowa takardar bayanin halinsa, ya ce kowa ya ba ta maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi. Matsakaicin makin ya kai wajen 4.3. Sai daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya ba su duka, kuma daga littafin duban taurari ya tsinto jimlolin. Saboda haka in ka karanta sakamakonka a waya ka ce, "Kai, wannan ni ne sak!", wannan ba shaida ba ce cewa awon gaskiya ne. Ɗan Adam yana da saurin ganin kansa cikin kowace magana mai daɗi wadda ba ta kama suna ba.

Awon Myers-Briggs kuma yana da matsalar da masana suka daɗe suna nunawa. Yana raba mutane gida biyu, ko kai mai son jama'a ne ko mai son kaɗaici. Amma in an auna mutane da yawa, sai a ga mafi yawansu a tsakiya suke, kamar yadda yawancin mutane ba dogaye ba ne ƙwarai, ba kuma gajeru ƙwarai ba. Mu malamai mun san wannan. Yaron da ya ci 49 da wanda ya ci 51 kusan ɗaya suke, ko da yake layin cin jarrabawa ya ratsa tsakaninsu. Shi ya sa a waɗansu binciken aka tarar kusan rabin waɗanda suka sake yin awon bayan mako biyar sun fito da baƙaƙe dabam. Abin da masana suka fi amincewa da shi shi ne awon manyan halaye biyar, wanda ba ya sa mutum cikin akwati, sai dai ya nuna inda yake a kan ma'auni biyar: son sabon abu, kula da aiki, son jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa. A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka tattara bincike masu yawa, suka ga cewa cikin biyar ɗin nan, kula da aiki ne ke tafiya da kyawun aiki a dukan sana'o'in da suka duba. Wato mai zuwa a kan lokaci, mai cika alkawari, mai gama abin da ya fara.

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Da gaskiya a ciki, gama mai surutu tun yana aji ɗaya da wuya ya zama kurma a shekara arba'in. Amma ko dutse ruwa yana cinsa. A 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka haɗa bincike 92 da suka bi mutane shekara da shekaru, suka ga cewa hali yana canjawa, musamman tsakanin shekara 20 da 40, inda yawancin mutane ke ƙara natsuwa da kula da aiki. Wannan ya shafe ku kai tsaye, ku masu fita. Sakamakon da kuka samu kuna da shekara 17 hoton yau ne kawai. Kada yarinya ta ce ita Filegmatik ce saboda haka ba za ta iya shugabanci ba, kada kuma malami ya faɗa mata haka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. An tsara waɗannan tambayoyi ne a Turai da Amurka, inda ake koya wa yaro ya dubi babba a ido ya faɗi ra'ayinsa. A wurinmu ƙaramin malami da ya yi shiru a gaban firinsifal, ko matar da ta sunkuyar da kai a gaban dattawa, ba lalle ne masu son kaɗaici ba ne. Kunya ce da ladabi. Je ka same su cikin tsaransu ka ji yadda suke zuba. Shugaban da ya rubuta a ransa cewa wane ba shi da abin faɗi, alhali girmansa ne ya rufe wa mutumin baki, ya yi kuskuren karatu. Ko manyan halayen nan biyar ma, sa'ad da masana suka gwada su a kan mutanen Tsimane na dajin Boliviya, cikin binciken da aka buga a 2013, ba su fito yadda suke fitowa a Turai ba.

Na yi alkawarin komowa kan rauni da mugunta. Abin da ya fi ba ni haushi cikin wannan al'amari shi ne yadda waɗansu suka mai da shi mafaka. Mutum ya zazzaga wa masinja ko mai shara zagi, in an yi magana ya ce, "Ai kun san ni Kolerik ne." Wani ya riƙe makin yara har mako uku bayan an rufe karɓa, ya yi dariya ya ce shi Sanguwin ne, ba ya iya zama wuri ɗaya. A'a, Malam. Saurin fushi yana iya zama halitta, amma zagi zaɓi ne. Rabe-raben hali suna bayyana abin da ke zo wa mutum da sauƙi da abin da ke yi masa wuya. Ba su ɗauke wa kowa nauyin gaskiya, da riƙon amana, da ganin mutuncin na ƙasa da shi ba. Shugaba yana iya sauƙaƙa wa mai mantuwa ta wurin haɗa shi da mai bin diddigi, amma ranar ƙarshe ta miƙa maki ɗaya ce ga kowa.

Kamfanin Google ma ya taɓa neman sirrin haɗa ƙungiya mai nasara. Daga 2012 ya nazarci ƙungiyoyi 180 na ma'aikatansa, yana duban ilimi da hali da gwanintar kowa. Abin da ya fito shi ne, su wane ne ke cikin ƙungiyar bai kai yadda suke bi da juna muhimmanci ba. Abu na farko shi ne ko mutum yana iya yin tambaya, ko ya ce bai gane ba, ko ya faɗi kuskurensa, ba tare da tsoron a wulaƙanta shi ba. Wannan bai rushe binciken Belbin ba a ganina. Kana iya tara dukan matsayi tara a ɗaki ɗaya, amma in mai auna dabaru yana tsoron ya ce wa shugaba dabararsa ba za ta yiwu ba, daidai yake da ba ya nan.

Ga masu ɗaukar ma'aikata a cikinmu, ko a makaranta ko a asibiti ko a ofishin ikkilisiya, ku sani cewa kamfanin da ke buga awon Myers-Briggs da kansa ya ce bai dace a yi amfani da shi wajen ɗaukar mutum aiki ko hana shi ba. An yi shi ne domin mutum ya fahimci kansa da abokan aikinsa, kuma sakamakon na mai shi ne, in ya ga dama ya faɗa, in bai ga dama ba ya riƙe. Ku kuwa ɗalibai, mai yiwuwa wata rana a ajiye muku irin wannan takarda a wurin neman aiki. Ku amsa yadda kuke, kada ku tsaya ƙoƙarin gano amsar da ake so, gama waɗansu daga cikin awon nan sukan maimaita tambaya ɗaya ta fuska dabam-dabam domin a ga ko amsoshin sun yi daidai da juna. In kuma an ba ku dama, ku roƙa a nuna muku sakamakon, ku tambayi wanda zai ajiye shi da abin da za a yi da shi.